Abin da Dije Ta Yafe

A Tarai, in aka ce Dije ungozoma ba a ƙara wani bayani. Ta yi shekara talatin da 'yan kai tana karɓar haihuwa a garin da ƙauyukan da ke kewaye da shi, tun zamanin da ake aika a sayo sabuwar reza a wajen mai tebur, har zuwa lokacin da aka tara su a Kibiya aka koya musu sa safar hannu da gane naƙudar da ta fi ƙarfin gida. Doguwar mace ce, ba ta da yawan magana, tafiyarta kuma ba gaggawa ko da da gudu aka zo kiranta. Matan garin sukan ce in ta shigo ɗaki ta ajiye jakarta, ko ciwon bai ragu ba hankali yana kwanciya. Ba ta taɓa yanka wa kowa lada ba. Abin da aka aiko mata ranar suna, sabulu ne ko atamfa ko cinyar rago, ta karɓa ta sa albarka.

Asalinta Fulanin Fassi ne, irin waɗanda suka daɗe da zama har noma ya rinjayi kiwo a wajensu, amma kunyarsu tana nan yadda suka gada. Aka kawo ta Tarai gidan Malam Ramalan, manomi ne da damina, da rani kuma yana ɗinkin hula. Ta haifi 'ya'ya biyar, biyu suka rayu: Zailani ɗan fari, da Maimuna auta, tsakaninsu shekara goma sha ɗaya.

Da aka yaye Zailani sai aka miƙa shi ɗakin Goggo Rukayya, yayar Malam Ramalan, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ba ta kuwa da ɗa ko ɗaya. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da na Dije. Ta wannan bangon Dije take jin tarin yaron da dariyarsa, amma a tsakar gida ba ta ɗaukarsa, ba ta kiran sunansa. In ya zama dole ta ambace shi sai ta ce yaron Goggo. Shi kuma ya tashi yana ce mata Adda, yadda ya ji ƙannenta suna kiranta in sun zo daga Fassi.

Abin da baƙo ba ya saurin ganewa shi ne, wannan kunyar aikin mutum biyu ne. Uwa ta kau da kai, wata ta tsaya a madadinta. Lokacin da Zailani yana aji huɗu a firamare, wani malami ya mare shi har kunnensa ya yi ruwa. Malamin ya zo gida ba da haƙuri, Dije ta ce masa ai gyara ne, Allah ya saka da alheri. Bai kai bakin titi ba Goggo Rukayya ta yafa mayafinta ta nufi ofishin hedimasta, ba ta fito ba sai da aka ɗauki nauyin kai yaron asibitin Rano. Dije ce ta nemo mata takalminta a ƙarƙashin gado, ita ce kuma ta cusa mata kuɗin mota a gefen zane. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, ba su taɓa zama sun tsara shi da baki ba.

Malam Ramalan ya rasu Zailani yana saurayi. Goggo Rukayya ta yi tsawon rai, ta yi masa aure, ta ga 'yarsa, sannan ita ma ta rasu cikin wata damina. Gidan ya saura Dije, da Zailani da matarsa Saudat da 'yarsu Jumai, sai kuma Baffa Alu, ƙanin Malam Ramalan, tsoho mai nauyin ji wanda ke wuni a zaure. Maimuna ta yi karatun koyarwa, ta yi aure a Rano, a can take koyar da lissafi a makarantar 'yan mata.

Zailani yana noma gonar gado, yana kuma da kurkura, babur ɗin nan mai ƙafa uku da ake ɗaukar kaya, da ita yake kai wa mutane amfanin gona kasuwa. Mutum ne mai barkwanci. In ya riski uwarsa a hanya da jakarta sai ya tsaya ya ce, baiwar Allah, ko a rage miki hanya? Ita kuma ta dubi gona ta ce Allah ya ba ta ƙafa. Sai ya ce ba don ita ba ne, don matar da ke jiranta ne, sannan ta hau baya ta juya masa ƙeya. Iyakar hirarsu ke nan a gaban mutane, kuma dukansu biyu ta ishe su.

Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan rasuwar Goggo, da kaka, ranar kasuwar Kibiya, Zailani ya kai waken suya na wani manomi siton Alhaji Mika'ilu mai hatsi. Siton dogon ɗaki ne na ƙasa, a ciki an yi masa bene da azara da katako inda ake jibge buhuna. Gara ta daɗe da cin azarar. 'Yan dako sun yi wa Alhaji magana ba sau ɗaya ba, wani magini ma da ya duba ya ce a sauke kayan a canza itacen kafin a ƙara ɗora ko buhu ɗaya. Alhaji ya ce sai bayan kaka, ya sa aka tokare benen da gungume guda. Ranar kuwa an yi ta hawa da masara tun safe. Zailani ya sauke kayansa, ya shiga ciki ya fake wa rana yana jiran a zo kansa a yi awo. Yana tsaye a nan benen ya rufto. Da aka janye buhunan aka same shi da ransa, yana magana, har yana tambayar wa zai kula masa da kurkurarsa. Ƙafafunsa ne ba sa motsi.

Labarin ya sami Dije a wani gida a bayan gari, tana kan mai naƙuda. Ta ji, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ci gaba da aikinta har aka haihu, ta yi wa jaririn wanka. Matan gidan sun daɗe suna ba da labarin wannan dauriya. Ba wanda ya ga yadda ta kasa ɗaura bakin jakarta da za ta fito. Washegari ta je asibitin Rano, ta bi gadajen ɗakin ɗaya bayan ɗaya tana yi wa marasa lafiya sannu, nasa ne na ƙarshe. Ta tsaya daga wajen ƙafafunsa ta tambayi Saudat ko ya ci abinci.

Kwana uku da faruwar abin, da hantsi, Alhaji Mika'ilu ya zo Tarai tare da limamin unguwarsu da wasu dattawa biyu. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Bayan gaisuwa da jaje, Baffa Alu, wanda rabin maganar bai ji ta ba, ya ce shi ba shi da ta cewa, a kira uwar yaron. Dije ta zo ta durƙusa daga bayan asabarin ƙofar ciki. Liman ya yi bayani, ya ce tsautsayi ne, amma Alhaji bai zo don ya wanke kansa ba. Sannan Alhajin da kansa ya ce duk abin da magani zai ci a faɗa masa, a kansa yake.

A nan ne gurbin Goggo Rukayya ya fito. Dije ta san abin da uwar ɗan fari take faɗa, ta kuwa faɗe shi yadda ta saba.

"Alhaji, ai yaron naku ne. Abin da ya same shi rubutacce ne. Ni na yafe, ba na neman komai."

Ta jira. A yadda ta san abin, yanzu ne wata murya za ta fito daga cikin gida ta ce ita ba ta yafe ba. Ko kuma baƙin su nace, su ce a'a Dije, ba a yi haka ba, ta sake ƙi, su sake nacewa, har wani ya karɓa a madadinta. Saudat tana asibiti, ita ma surukar gida ce, ba za ta yi magana a gaban dattawa ba. Maimuna tana aji a Rano, ba wanda ya yi tunanin a kira ta. Baffa Alu ya ga bakin liman ya daina motsi, ya ɗauka an daidaita, ya ce madalla. Alhaji Mika'ilu bai nace ba. Ya ce wallahi irin su Dije sun yi ƙaranci a duniya. Liman ya ɗaga hannu, aka yi addu'a, aka shafa fatiha. Ita ma ta shafa daga bayan asabari. Da suka tafi ta daɗe a durƙushe a wurin, ta san wani abu ya kuskure, amma ba ta san girmansa ba tukuna.

Girmansa ya bayyana cikin mako. Daga Rano aka tura su Kano, aka ɗauki hoton bayan, likita ya ce ƙashi ya karye ya danne laka. Ya ce akwai aikin da za a yi, bai yi alkawarin Zailani zai sake tafiya ba, amma zai iya zama, zai iya juya kansa, kuma kada a wuce 'yan makonni. Kuɗin da aka faɗa ya fi ƙarfin gidan nesa ba kusa ba. Aka sayar da kurkurar da shanun noma biyu, duk suka tafi a hoto da gado da magani. Da abin hannu ya ƙare aka dawo da shi Tarai a kwance.

Maimuna ta je wajen Alhaji Mika'ilu da kanta. Ya karɓe ta da mutunci, ya sa aka kawo mata lemo, ya ce shi da bakinsa ya yi tayi a gaban liman, mahaifiyarta ta ƙi, aka shafa fatiha, maganar da aka rufe da fatiha kuwa shi ba ya buɗe ta. Ya ba ta abin da ya kira na cefane. Ta ajiye masa a kan tebur ta fito.

Daga nan ta nemi wata lauya, ƙawarta tun makaranta. Lauyar ta ce mata abin ba shi da wuya. Zailani baligi ne mai hankali, raunin a jikinsa yake, haƙƙin diyya nasa ne, ba na uwarsa ba, ba wanda zai yafe masa shi ba da yawunsa ba. Maginin yana nan, 'yan dakon suna nan, an yi wa mai siton gargaɗi bai ji ba. Abin da ake bukata kawai shi ne Zailani ya ce yana nema, ya sa hannu ko ya dangwala.

Maimuna ta zo da takardar ƙarar ranar wata Asabar. Dije tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ƙofar ɗakin Zailani a buɗe, ta ji komai. Zailani ya fara da tsokana, ya ce malamar lissafi ta koma alƙali, saura rawani. Maimuna ta ce masa ya bar wasa, ƙashin bayansa ake magana. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya tambaye ta a gaban wa Adda ta yi maganar nan. Ta ce a gaban liman.

"To ki ce in aika wa liman da dattawan Kibiya cewa maganar Adda ba magana ba ce. Matar da ta karɓi haihuwar rabin garin nan, a ce ɗanta ya kai ta gaban alƙali ya warware bakinta."

"Yaya, ba ita za ka kai ba, Alhaji za ka kai."

"Sunanta za a fara kira. In ita ta ce in yi, zan yi. Ke kuwa, auta, tashi ki ba ni ruwa, tunda kin zo ki yi amfani."

Maimuna ta fito ta tsaya a kan uwarta, ta yi mata maganar da ba ta taɓa yi mata ba. Ta ce Inna, kalma ɗaya yake jira, ki shiga ki ce masa ya sa hannu, kunyar nan ba za ta juya shi a kan katifa ba. Dije ba ta ɗago ba. Ta ce ta ji.

Ta ji ɗin kuwa. Kwana da kwanaki tana shirya maganar a ranta. Ita da ta saba ba mazaje umarni su fita su nemo mota yanzu-yanzu, ita da ta taɓa tsayawa a gaban wani maigida ta ce in bai bari an kai matarsa asibiti ba za ta tara masa jama'a, sai ga shi taku goma daga ɗakinta zuwa nasa ya gagare ta. Takan dafa ruwan ɗumi ta ajiye wa Saudat a bakin ƙofa, ta koya mata yadda ake juya mai jinya da yadda ake wanke miki, duk daga waje.

Wata ranar Laraba da la'asar, Saudat ta tafi ɗebo ruwa da Jumai, Dije ta shiga. Rabonta da zama ita da shi su kaɗai a ɗaki tun yana shan nono. Ya rame, gemunsa ya yi tsawo. Ya ce, baiwar Allah, ɓatan hanya kika yi? Ta zauna a bakin katifar ta dubi bango. Ta ce Maimuna tana ta maganar kotu.

"Na ji ta. Ke me kika ce, Adda?"

Maganar tana bakinta. Ta san ta, ta maimaita ta ya fi sau ɗari. Amma in ta faɗe ta, ta nuna ke nan a fili cewa tana son ɗanta fiye da mutuncin bakinta, abin da ba ta taɓa yi ba, ba ta kuma taɓa ganin uwarta ta yi ba.

"Ai kai ne babba," ta ce. "Abin da ka gani."

Ya jira. Ta ji yana jira. Can ya ce to shi ke nan, a bar wa Allah. Ta gyara masa matashi, ta kore ƙudan da ke kan zanen, ta fita. A ranta ta ce gobe za ta dawo ta faɗa sosai. Gobe aka zo kiranta haihuwa. Jibi baƙi suka zo dubiya. Makonnin da likita ya faɗa suka wuce, da Maimuna ta koma Kano da sabon hoto aka ce mata aikin ba zai ƙara komai ba yanzu.

Zailani ya yi wata takwas a kwance. Mikin kwanciya ya buɗe a kwankwasonsa, zazzaɓi ya riƙa zuwa yana tafiya, daga baya ya zo bai tafi ba. Ya rasu wata safiya a farkon damina, yana da shekara talatin da huɗu. A zaman makoki mata suka yi ta yaba haƙurin Dije, wasu har suna kawo labarin zaure a matsayin abin koyi. Alhaji Mika'ilu ya aiko da buhun shinkafa na sadaka. Tana jin yabon tana amsawa da amin. Tun daga nan in aka zo kiranta haihuwa sai ta ce a kai asibiti.

Bayan Saudat ta fita takaba, lauyar nan ta zo gaisuwa tare da Maimuna. Cikin hira ta ce haƙƙin bai mutu da mai shi ba, ya koma kan magada, kuma Zailani bai taɓa cewa ya yafe ba, ƙin kai ƙara kawai ya yi. Dije tana iya barin nata kason in ta so, amma na Jumai ba mai ikon yafe shi, marainiya ce. Ba ta gama rufe baki ba Dije ta tambaye ta wace rana ake zaman kotu. Maimuna ta dubi uwarta.

Shari'ar ba ta yi tsawo ba. Maginin ya zo ya faɗi abin da ya faɗa wa Alhaji, 'yan dako biyu suka ba da shaida a kan gungumen. Liman ma ya zo, ya faɗi gaskiyar abin da aka yi a zaure. Aka kira Dije, ta miƙe a gaban maza cike da ɗaki ta ce ita ta yi maganar, kuma ta yafe abin da ba nata ba ne. A zama na uku Alhaji ya nemi sulhu, aka daidaita a kan wata gonarsa da ke hanyar Fammar, aka rubuta ta da sunan magada. Dije ta ce a haɗa nata kason da na yarinyar. A Tarai wasu suka ce ta kyauta, wasu suka ce tsufa ya sa ta cinye fatiha, akwai ma matan da ta karɓi haihuwarsu da suka rage gaishe ta. Ba ta bi ta kan kowa ba.

Da damina ta zagayo, ranar da aka je karɓar takardar gonar, magatakardan kotun, wani mai ƙananan shekaru da ba ɗan yankin ba, yana cike gurabe yana duba kwanan wata. Ya ga ranar da benen ya rufto, ya ga ranar rasuwa, ya ɗago. Ba da wata manufa ba, ya ce, Hajiya, da shaidu irin waɗannan me ya hana ku zuwa tun yana raye? Ai da an yi masa aikin.

Maimuna ta fara cewa doguwar magana ce. Dije ta ɗaga mata hannu.

"Yaron Goggo ya tambaye ni," ta ce. "Ban ba shi amsa ba."

Magatakardan bai gane ba, kuma babu gurbin da zai rubuta wannan a ciki. Ya nuna mata inda za ta dangwala, ta dangwala. Suka fito tashar Rano, Maimuna ta sa ta a motar Kibiya ta ce ta riƙe takardar da kyau kada ruwa ya taɓa ta, ga hadari ya haɗo. Dije ta naɗe ta cikin leda, ta sa a ƙarƙashin mayafi, ta zauna tana jiran motar ta cika.